Yadda Ake Samar da Sabulun Bakteriya Daga Daddawa a Ɗakin Gwaje-gwaje

Wasu ƙwayoyin bakteriya kan fitar da sinadari mai aikin sabulu, wanda ke sa mai da ruwa su haɗu. Mafi shahara a cikinsu shi ne safaktin, wanda masana a Japan suka gano a 1968 a jikin Bacillus subtilis. Yana sauke ɗaurin fuskar ruwa, wato ƙarfin da ke riƙe saman ruwa kamar fata, daga 72 zuwa kusan 27 a ma'aunin mN/m. Ƙwayar Bacillus subtilis ita ce kan gaba wajen ruɓar da kalwa ta zama daddawa, don haka ba sai an je nesa nemanta ba. Akwai kuma Pseudomonas aeruginosa mai yin wani irin sabulun da ake kira ramnolifid, amma tana sa cuta, bai kamata mai koyo ya fara da ita ba.

Da farko a dama giram 1 na daddawa cikin mililita 9 na ruwan gishiri tsaftatacce, a ɗora a zafin digiri 80 na minti 10. Zafin zai kashe yawancin ƙwayoyi, ya bar masu ɓuya cikin ɓawo irin su Bacillus. A shafa a farantin aga, wato daskararren abincin da ake renon ƙwayoyi a kai, a ajiye kwana ɗaya a digiri 30 zuwa 37. A ɗebi tsiro da dama, kowanne a raine shi daban, domin ba kowane iri ne ke yin safaktin ba. Kuma a yi hattara, Bacillus cereus mai gurɓata abinci shi ma yana tsallake wannan zafin.

Abincin ƙwayar, a kowace lita ta ruwa: gulukos giram 40, NH4NO3 giram 4, KH2PO4 giram 4, Na2HPO4 giram 5.7, MgSO4 giram 0.2, da ɗan ƙanƙanin gishirin ƙarfe da na manganis, a daidaita pH a 7. A dafa a tukunyar matsin tururi, digiri 121, minti 15. Gulukos a dafa shi shi kaɗai, sai ya huce a haɗa. In aka dafa su tare ruwan zai yi ja kamar shayi, ƙwayar kuma ba za ta yi girman kirki ba.

A zuba mililita 50 kacal a kwalba mai cin 250, saboda ƙwayar na son iska. A sa iri, a bar injin girgiza yana juyi 150 zuwa 200 a minti, digiri 30, awa 48 zuwa 72. Kumfa alama ce mai kyau, sai dai safaktin a cikinta yake taruwa. Idan ta hau ta jiƙa audugar bakin kwalba, an yi asara.

Daga nan a raba ƙwayoyin da ruwan a injin santirifuj, mai juyi da sauri har ƙwayoyin su kwanta ƙasa, juyi 10,000 a minti, na minti 15. Ruwan sama ake buƙata.

Gwajin ba wuya. A zuba ruwa mililita 40 a faranti, a ɗiga maikurolita 20 na mai ya shimfiɗu, sannan a ɗiga maikurolita 10 na ruwan saman da aka raba a tsakiya. In akwai sinadarin, man zai ja da baya nan take, ya bar da'ira fes. Gwaji na biyu: mililita 2 na kananzir da 2 na ruwan saman, a girgiza minti 2, a bar shi awa 24, a auna tsayin kirim ɗin da ya tsaya, a raba da tsayin duka, a ninka da 100.

Nan ne ɗalibai suka fi ruɗuwa. Guntun omo da ya maƙale a gilashi zai kori mai tamkar safaktin. A ɗauraye kayan aiki sosai da ruwan da aka tace ta tururi, kuma kullum a gwada abincin da ba a sa wa iri ba don kwatantawa.

Don fitar da sinadarin, a ɗiga asid HCl mai ƙarfin 6 N cikin ruwan saman a hankali har pH ya sauka zuwa 2, a kwanar da shi a firji a digiri 4. Da safe za a ga laka ta kwanta. A sake juyawa a santirifuj, a kwashe ta, a narkar cikin ruwa kaɗan, a mayar da pH zuwa 7 da NaOH, in ba haka ba ba za ta narke ba. Irin da aka ciro kai tsaye daga daddawa ko ƙasa yawanci safaktin da yake bayarwa bai kai giram 1 a lita ba.