Yadda Ake Gwada Manhajar 'Yan Sa-kai a Kan Tsohuwar Kwamfuta

Manhajojin da lambobinsu ke buɗe ga kowa, da yawa daga cikinsu 'yan sa-kai ne ke rubuta su, kuma a kan sabbin kwamfutoci suke aikin. Ba su san halin da mai tsohuwar na'ura ke ciki ba sai wani ya gwada ya kawo musu labari. Na ga sabbin shiga wannan aiki da dama, kuma kusan wuri ɗaya duk suke tuntuɓe.

Kafin ka kunna komai, duba abin da masu manhajar suka ce sun daina kula da shi. Misali, yaren rubuta manhaja na Python, sigarsa ta 3.9 ba ta hawa Windows 7, a 3.8 aka tsaya. Firefox kuma 115 ne na ƙarshe a kansa. In ka kai ƙorafi kan abin da tuni aka sanar an bari, ka cinye lokacin mutumin da ko sisi ba a biyan sa.

Daga nan sai ka rarrabe abu biyu: tsufan tsarin aiki daban, tsufan injin daban. A nan ni ma na sha ƙasa. Na girka tsohon Linux a cikin VirtualBox, wato manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka, manhajar da nake gwadawa ta tashi lafiya lau, na rubuta wa masu ita cewa komai daidai. Bayan 'yan kwanaki na sa ta a kan wata tsohuwar kwamfuta ta gaske mai furosesa Core 2 Duo. Ko taga ba ta buɗe ba, layi ɗaya kawai ya fito: Illegal instruction. Ashe VirtualBox furosesar kwamfutata ta zamani yake ara wa baƙon tsarin. An haɗa manhajar da wani rukunin umarnin furosesa mai suna AVX, wanda Intel ta fara sakawa a furosesocinta a 2011, ita kuwa Core 2 ba ta san shi ba. Kunyar da na ji ran nan ita ta sa ba na yarda da gwajin kwaikwayo shi kaɗai.

Saboda haka ka nemi tsohon inji na gaske. Wanda aka jingine don baturinsa ya mutu ma ya isa, ba sai ka kashe kuɗi ba. In babu, yi amfani da QEMU, wanda ke iya kwaikwayon furosesa ita kanta, ka ba shi -cpu core2duo, kuma kada ka kunna KVM, wanda ke miƙa aikin kai tsaye ga furosesarka ta gaske. Zai yi tafiyar hawainiya, amma umarnin da tsohuwar furosesa ba ta da shi ba zai wuce ba. Buga lscpu, umarnin Linux da ke nuna bayanan furosesa, a cikin baƙon tsarin ka tabbatar babu avx a jerin.

A ɓangaren Linux, ka sa ido kan glibc, ginshiƙin da yawancin manhajojin Linux ke dogara da shi. Abin da aka haɗa a Ubuntu 22.04 yakan ƙi tashi a 20.04, ya ce bai sami GLIBC_2.34 ba, domin 2.31 ne a can. Windows XP kuwa, wanda aka daina yi wa facin tsaro na yau da kullum tun 2014, kada ka kuskura ka haɗa shi da intanet. Kai masa fayil ta filashi.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane zagaye, ko tsarin aiki ko inji ko sigar manhajar. Da ka haɗa biyu, ba za ka san mai laifi ba.

A rahotonka ka sa sunan furosesa, girman RAM, ko 32-bit ne ko 64, sigar ƙarshe da ta yi aiki da ta farko da ta ƙi. Saƙon kuskuren kuma ka kwafo shi harafi da harafi, kada ka ɗauki hoton allo da waya.