Yadda ake shirya ziyarar manyan wuraren tarihi na duniya

Kuskuren da ya fi kayar da matafiya shi ne sayen tikitin jirgi tun kafin a tabbatar da ranar shiga wurin da aka yi tafiyar dominsa. A fara kama ranar shiga, sannan a ɗora jirgi da masauki a kanta, domin wurare da yawa sun ƙayyade adadin masu shiga a kowace rana.

Fadar Alhambra da ke Granada a Sifaniya ita ce ta fi nuna haka. Tikitinta da sunanka ake buga shi, ana kuma duba fasfo a ƙofa. A jikinsa akwai sa'ar da za ka shiga fadojin sarakunan Banu Nasr, waɗanda suka yi mulki har 1492. In sa'ar ta wuce kana can lambun Generalife, wani sashe na wurin, masu gadi ba za su bar ka ba, alhali fadojin nan su ne abin gani: rubutun Larabci da aka sassaƙa a bango tun daga daidai kafaɗa har rufi, da farfajiyar da zakuna 12 na farin dutse ke ɗauke da kwarmin ruwa. Tsakanin lambun da fadojin tafiyar ƙafa ce mai ɗan nisa, don haka ka kasance a layi minti 15 kafin lokaci. A bazara tikitin kan ƙare makonni kafin ranar, kuma a shafin hukumar wurin ya kamata a saya, 'yan tsakani tsawwalawa suke yi.

Sai ranakun rufewa. Taj Mahal a Indiya ba ya karɓar masu yawon buɗe ido ranar Juma'a, gidan tarihin Louvre a Faransa na rufe ranar Talata, gidajen tarihi da dama a Turai kuma Litinin suke hutawa.

Jiki ma yana da nasa lissafin. Birnin Cusco na ƙasar Peru, inda ake sauka in za a je kufan tsohon birnin Machu Picchu, yana kan tudu mai kusan mita 3,400, Machu Picchu kuwa kusan 2,430. Wanda ya sauka daga jirgi ya kama hawan dutse nan take zai iya gamuwa da ciwon kai, jiri da haki, saboda iskar can sama ba ta wadatar da huhun da bai saba ba. A ba jiki kwana biyu, a yawaita shan ruwa, a yi tafiya a hankali. A Petra ta Jodan, kafin ka ga Khazna, ginin da aka sassaƙa a jikin dutse, sai ka ratsa tsagar dutse mai tsawon fiye da kilomita 1, hawa zuwa Dair, wani ginin irinsa a can saman tsauni, kuma matakala ce wajen 800. Da sassafe ake fara wannan, da takalmi mai kama ƙasa.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, ƙasashe da yawa sharaɗinsu ke nan. Wasu kuma na neman katin rigakafin cutar shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar.

Wasu wuraren tarihi har gobe ana ibada a cikinsu, kuma masu su sun fi baƙo haƙƙi. A majami'ar Saint Peter da ke Vatican sai an rufe kafaɗa da gwiwa. A masallatan Istanbul da wuraren ibadar mabiya Buddha a Tailan ana cire takalmi. Kada a ɗauki hoton mutum sai da izninsa.

Wurin tsaraba ake shiga babbar matsala. Turkiyya, Girka da Masar sun haramta fitar da kayan tarihi, har da guntun tukunya ko dutsen da aka tsinta a kufai, kuma a filin jirgi ake kama mutane. In ɗan kasuwa ya ce kayansa tsoho ne, a bar masa abinsa. A sayi sabon aikin hannu daga wanda ya yi shi, a karɓi rasit, a ajiye shi tare da fasfo har a wuce kwastan.