Mabuɗin kwalba da na gwangwani: kurakuran da muka mayar al'ada

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zaman tiredar Baba a wajejen Ƙofar Guga, kuma a duk kayan shagon babu abin da ya fi shan aro kamar wani ɗan ƙarfe da muka ɗaure da igiya a jikin ƙusa. Ofina yara ke ce mashi. Da aka ga ya fara tafiya biki ba ya dawowa sai Baba ya ƙulle shi da tsohuwar wayar lantarki, ya ce mai so ya kawo kwalbarsa nan.

Babban kuskure dai haƙori ne, kuma ni shaida ne. Ranar sunan ɗan yayana aka jibge kiret ɗin lemo a ƙofar gida, aka nemi mabuɗi aka rasa. Ni kuma lokacin ina jin tashen samartaka, na ce a miƙo. Ta farko ta buɗu, ta biyu ta buɗu, a ta huɗu na ji ƙas, sai ga ɗan farin abu kamar ƙwayar shinkafa a tafin hannuna. Har yau in na sha ruwan sanyi wannan haƙorin sai ya gaishe ni. Marfin kwalba ƙarfe ne da inji ya matse, haƙoransa 21 suna riƙe da leɓen kwalbar ta kowane gefe don kada iskar lemon ta fita. Wani Ba'amurke, William Painter, ya ƙirƙiro shi a birnin Baltimore a 1892, kuma shi da kansa ya yi rajistar mabuɗinsa a 1894. Wanda ya yi marfin ma bai dogara da bakinsa ba. Haƙori kuwa in ya ɓantare ba ya sake tsirowa, sai dai ciko.

Ƙanen wannan kuskure su ne buga kwalba a bakin tebur, ko sakata, ko ramin makullin ƙofa, ko ɓalle ta da wata kwalbar. Sau da yawa leɓen gilashin ne ke tsagewa tare da marfin. In haka ta faru, a zubar da lemon. Kada a ce za a tace da mataci ko gefen ɗankwali, ɓurɓushin gilashi ba ya ganuwa cikin Fanta. Ga kuma asara ta biyu, masu kawo lemo ba sa son karɓar kwalba mai giɓi.

Ko da mabuɗin a hannu akan yi kuskure. Wasu na cusa harshensa can ƙasa har ya kama gilashin, sannan su fizga da ƙarfi. A ɗora kwalbar a wuri mai daidai, a riƙe wuyanta, a saƙala harshen a ƙarƙashin gefen marfin kawai, ɗaya ɓangaren ya zauna a saman marfin, a ɗaga a hankali. In lemon ya sha rana ko ya sha girgiza a bayan babur, a ɗan ɗaga marfin har a ji tsss, a dakata kumfar ta kwanta, sannan a ƙarasa. Farar shadda da yawa ta lalace ranar Sallah saboda rashin wannan ɗan jinkirin.

Sai gwangwani, inda mata suka fi shan wahala. Kusan kowane gida na Katsina akwai wuƙar da bakinta ya lanƙwashe saboda tumatirin gwangwani. A kafa tsinin wuƙa, a buga da muciya ko dutse, a riƙa yanka ana zagayawa, hannun hagu yana riƙe da gwangwanin daidai inda wuƙar za ta zame. Abin dariya, Turawan ma haka suka fara. An yi rajistar gwangwanin abinci a Ingila a 1810, amma shekaru da dama da guduma da kurfi ake fasa shi, sai a 1855 Robert Yeates ya fito da mabuɗi a Ingila, Ezra Warner ya biyo baya a Amurka a 1858. Mai ɗan faifan yanka ya zo a 1870. Su sun bar guduma tun tuni, mu ne muka riƙe.

Mabuɗin gwangwani mai murɗawa shi aka fi zagi, ana cewa na yanzu duk jabu ne. Akwai jabun, ban musa ba: in ka matse hannuwansa ka ji suna lanƙwasa kamar cokalin biki, bar shi a kasuwa. Amma yawanci kamun ne ba daidai ba. Faifai mai kaifi zai hau saman marfin ta cikin gefe, mai haƙora kuma ya kama ƙarƙashin leɓen gwangwanin ta waje. A matse har a ji ya huda, a ci gaba da matsewa yayin da ake murɗawa. Da an sassauta hannu sai ya riƙa tsallake wuri. Kuma kada a yanke marfin duka: a bar ɗan wuri kaɗan a haɗe, a ɗaga da cokali, ba da yatsa ba. In ya yanki mutum, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu, in ya yi zurfi a je asibiti a duba batun allurar tetanus. Ban da barbaɗa toka ko ƙasa.

Madarar ruwa kuwa a koya wurin mai shayi. Huda biyu yake yi suna fuskantar juna, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Mai huda ɗaya shi ne za ka gani yana girgiza gwangwani yana matsawa, madara na fitowa ɗis-ɗis.

Abin da ba a cika kulawa da shi ba shi ne saman gwangwanin. Na san abin da ke yawo a kan katan cikin sito da dare, ga ƙurar hunturu. Bakin mabuɗi yana tura duk abin da ke saman marfin zuwa cikin abincin, don haka a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta tukuna. Gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya loɓa a kan ɗinkinsa, kada ma a buɗe don ɗanɗanawa. Wanda aka buɗe bai ƙare ba, musamman tumatir da kifi, a juye a roba mai marfi, domin tsamin tumatir yana ɗauko ɗanɗanon ƙarfe in ya kwana a buɗaɗɗen gwangwani.

Shi ma mabuɗin yana son wanka. Man kifi da tumatir na maƙalewa tsakanin haƙoransa su yi baƙi, a sake kai shi kan madarar yaro. Tsohon buroshin haƙori da sabulu sun isa, a shanya shi ya bushe sarai, a ɗiga mashi man gyaɗa a mahaɗa, musamman da damina. Sannan a ba shi ƙusarsa a bangon kicin. Namu na shago har yanzu yana nan a jikin wayar Baba, duk da fentinsa ya goge ba a gane sunan kamfanin lemon da ya raba shi kyauta.