Kurakuran da Masu Bi Suka Fi Yi Kan Dokokin Abinci da Abin Sha

Duk wanda ya daɗe yana koyar da ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ya san cewa da an iso Littafin Firistoci sura 11, gardama ta tashi. Kuma kurakuran ba sa canjawa, bakunan da ke furta su ne kawai ke canjawa.

Wasu sukan mayar da surar takardar likita, su ce an hana alade ne saboda tsutsar da ke namansa. To raƙumi fa, da rema, da zomo? Ko sau ɗaya surar ba ta kawo zancen ciwo ba. Dalilin yana aya 44 da 45: ku zama tsarkaka, gama Allah mai tsarki ne. Ba'isra'ile ba ya kai loma baki sai ya tuna ko shi na wane ne. Wannan ayar ce Bitrus ya ɗauko a 1 Bitrus 1:15-16, ya ɗora ta kan dukan al'amuran mai bi. Ni dai da aya 44 nake fara karanta surar, sannan in koma aya 1.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne mayar da 'yanci sanda. Gaskiya ne, Markus 7:19 ya nuna Yesu ya tsarkake kowane abinci. Amma ku ji abin da aka yi da wannan gaskiyar. Akwai wani saurayi, sabon tuba, da na daɗe ina bi da addu'a. Wata rana muna cin abinci tare da 'yan'uwa, ya ture wani nama gefe, bai ce da kowa komai ba. Wani ɗan'uwa ya hango, ya tura masa kwanon gaba, ya ce, "Ɗan'uwa, ba ka karanta Ayyukan Manzanni 10 ba? Yanka ka ci!" Aka kwashe da dariya. Yaron ya sunkuyar da kai, ya tauna da ƙyar, ya haɗiye da ruwa. Daga ranar ƙafarsa ta ɗauke daga cikinmu, har yau.

Haba jama'a! Wa ya naɗa ku alƙalan lamirin wani? Wahayin da kuke jifa da shi, na dabbobin da aka ce wa Bitrus ya yanka ya ci, Bitrus da kansa ya fassara shi a gidan Karniliyas, wanda ba Bayahude ba ne, aya 28: Allah ya nuna masa kada ya kira kowane mutum marar tsarki. Zancen karɓar mutum ne, kuka mai da shi abin korar mutum. Romawa 14:15 ya ce kada ka hallaka wanda Almasihu ya mutu dominsa saboda abincinka. Bulus, wanda ya fi mu sanin 'yancin nan, ya ce a 1 Korintiyawa 8:13 gara ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. Al'adata yanzu, in zan ci da sabon mai bi, nakan tambaye shi a keɓe abin da ba ya ci, ni ma in bar shi a ranar. Koyarwa ta biyo baya, a aji, ba a bakin kwano ba.

Masu ƙirƙiro wa ikilisiya sababbin haramce-haramce kuma, su karanta Kolosiyawa 2:16-23, su tuna yadda Bulus ya tsawata wa Bitrus a Antakiya da ya janye daga ci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba.

Kayan lambu da ruwan da Daniyel ya nema na kwana 10 ba tsarin rage ƙiba ba ne. Ƙudurta ya yi ba zai ƙazantu da abincin sarki ba. Batun hana cin jini ya girmi Musa, tun Farawa 9:4 yake, kuma taron manzanni da dattawan ikilisiya a Urushalima ya maimaita shi. Masu bi sun sha bamban a kai, ni dai ba na ci.

Sai ruwan inabi. Mai son sha ya haddace 1 Timoti 5:23, inda Bulus ya ce wa Timoti ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan, ya manta da "kaɗan" da ciwon cikin Timoti, ya tsallake Afisawa 5:18. An hana firistoci sha sa'ad da za su shiga alfarwa ta sujada domin su iya bambanta mai tsarki da marar tsarki, Firistoci 10:9-10 ke nan. Da wannan nake auna kaina, shi ya sa ba na sha. Amma mai tsine wa mashayi alhali yana cika ciki har ya kasa tsayuwar addu'a, ya buɗe Karin Magana 23:20-21. Aya ɗaya ta haɗa mashayi da mai haɗama, ta ce talauci ke jiran su biyun.