Yadda za a sa jita ta maye gurbin mawaƙi a kiɗan bulus-rok

Idan ƙungiya ba ta da mawaƙi, jita ce ke ɗaukar murya, kuma mutum uku sun wadatar: mai jita, mai bes da mai ganga. A gina kiɗan kan zagayen bulus mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu. A maɓallin A, ga jerin kod (sautukan da ake bugawa tare): gaɓa huɗu A7, biyu D7, biyu A7, sannan E7, D7, A7, E7 ɗaya-ɗaya.

A fara da tsirkiya lamba 10 (lambar tana nuna kaurinta). Shahararren makaɗin jita Stevie Ray Vaughan ya yi amfani da masu kauri har lamba 13, yana sassauta kowace don sautinta ya sauka da rabin mataki, amma sabon hannu yatsunsa za su yi ciwo tun bai je ko'ina ba.

Aikin gaske yana wurin tura tsirkiya. Danna tsirkiya ta uku (ƙirgawa daga mafi siriri) a firet na 9 (firet su ne layukan ƙarfe da ke wuyan jita), ka saurari sautin da kyau. Koma firet na 7, ka tura ta sama da yatsan zobe, yatsu biyu na bayansa suna tallafa masa, har sautin ya yi daidai da na farko. Yawanci a ƙasa kaɗan ake tsayawa, shi ya sa kunne ke jin kiɗan ya karkace. Ƙarfin daga wuyan hannu yake fitowa.

A amfilifaya, ajiye gen (maɓallin da ke ƙara wa sauti kaushi) wajen 4 ko 5, a ɗaga sautin tsakiya zuwa 7. Gen mai yawa yana cakuɗa sautuka.

Ka buga gaɓa biyu, ka yi shiru gaɓa biyu, mai ganga ya amsa maka.