Yadda Ake Haɗa Karen Kiwo da Karen Gudu don Farauta a Damagaram

Karen Azawak, dogon nan mai shafaffen ciki da Buzaye ke kira oska, da ido yake farauta. Zomo ya tashi a fili, kafin ƙiftawar ido ya rufa masa baya. Amma da zarar zomon ya faɗa cikin sabara, ko ya shige tsakanin duwatsun da suka kewaye Damagaram, sai ka ga kare ya ja birki yana ɗaga kai, ya rasa ta inda zai bi, domin bai saba sa hanci a ƙasa ba. Idan kuma ya yi nisa, kira ba ya dawo da shi sai ya ga dama. Karen kiwo yana da abin da wancan ya rasa: hanci, jin magana, da son aiki kusa da ubangidansa. Gudun ne dai ba shi da shi. Wannan ne dalilin haɗa su, kuma ba sabon abu ba ne, mafarautan Ingila sun daɗe suna haɗa karen tserensu da karen tumaki don kamun zomo. Sai dai abin da ya yi aiki a ƙasar sanyi ba ya aiki haka nan a inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. A nan, haɗin da ke biyan buƙata shi ne wanda jinin karen gudu ya rinjaya, aka ɗan ɗiga masa na kiwo don hankali.

Fara da zaɓen iyaye, domin a nan ake cin riba ko a tafka asara. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɓangaren gudu, nemi wanda aka ga kamunsa da ido, kada ka tsaya ga kyan tsayi kawai. Namijin Azawak kan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinsa kilo 20 zuwa 25, mace kuwa kilo 15 zuwa 20. Irin wannan jini ana samunsa wajen makiyayan arewa, ɓangaren Tanut da Damargu da Tasker. Duba ƙirji ya zama mai zurfi har kusa da gwiwar hannu, ƙafafu miƙaƙƙu, yatsu a dunƙule. Ɗaga tafin ka matsa shi da babban yatsa: ya kamata ka ji shi da kauri da tauri kamar fatar takalmi. Tafin da ya baje, yatsu a warwatse, tsidau da ƙarangiya za su gama da shi cikin mako guda, kuma ƴaƴa na gadon wannan.

Ɓangaren kiwo ya fi wuyar zaɓe. Mutane da yawa idonsu na kan karen Jamus, wanda ake gani wajen jami'an tsaro, saboda kwarjininsa. Namijinsa kan kai kilo 30 zuwa 40, gashinsa riɓi biyu ne, kuma irin ya shahara da ciwon ƙugu na gado, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa. Ɗan da ya ɗauko wannan nauyi da wannan gashi zai yi gudu biyu da safe, na uku harshe ya zubo, ya nemi inuwa. Malinuwa, karen kiwo na ƙasar Beljiyam, ya fi dacewa, ya fi sauƙin jiki, gashinsa gajere, sai dai yana da zafin kai kuma bakinsa na da ƙarfi. A ganinmu, wanda ya fi su duka amfani a wannan ƙasa shi ne karen da ya tashi a ruga yana bin garke, wanda ya san rana, ya san ƙaya, jikinsa ya saba da kaska. In ka sami irinsa mai jin kira, wanda ba ya taɓa ɗan akuya, ka riƙe shi da kyau. Kafin ka amince da kowane, sa a yi tafiya da shi kana kallonsa ta baya. In yana haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo, ko yana shan wuya wajen tashi daga kwance, bar shi.

Wace ce za ta zama uwa? Idan karen kiwon mai nauyi ne, to ita ta kiwon ce za ta ɗauki ciki, namijin Azawak ya hau ta. Karya mai kilo 16 da aka ba namiji mai kilo 35 tana iya shan wahalar haihuwa. Idan nauyinsu ya yi kusa, gara uwa ta zama mafarauciyar, domin makonnin farko a gindinta ƴaƴa ke ɗaukar hali, kuma ita za su fara bi zuwa daji. Kada a ba karya namiji a zuwanta na farko, wato karon farko da ta nemi namiji, a bari ta kai wajen shekara biyu.

Karya kan nemi namiji kusan duk wata shida, amma ta Azawak sau da yawa sau ɗaya take yi a shekara, saboda haka in lokacin ya wuce ka, sai baɗi. Alamar farko kumburin gaba da ɗigon jini. Ƙirga daga ranar da ka fara ganin jinin. Kwanaki tara na farko galibi ba ta yarda, za ta yi gurnani ta zauna. Daga kwana na 10 zuwa na 14 jinin kan dusashe ya koma ruwa-ruwa, kuma in ka shafa bayanta za ta kawar da wutsiya gefe. Lokacin ke nan. A haɗa su da sassafe ko bayan la'asar, a sake bayan kwana biyu. Za su maƙale na minti 10 zuwa 30, kada yara su jefe su, kada a watsa musu ruwa ko a ja su, ana yi wa duka biyun rauni ta haka. Abin da ya fi ɓata wa mutane aiki shi ne sakaci bayan barbara. Karya na iya ɗaukar cikin maza fiye da ɗaya a zuwa guda, don haka a kulle ta tun daga ranar farko har mako uku cur. Katangar da akuya ba ta haurawa, karen unguwa na haura ta.

Ciki kwana 63 ne, da ɗan ragi ko ƙari. Makonni biyar na farko abincinta na kullum ya isa. Daga mako na shida a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai ƙarin rabin abin da take ci, a raba shi sau uku domin ciki ya matse tumbi. Tuwo zalla ba ya gina kwikwiyo. A haɗa da kayan ciki dafaffe daga mahauta, da nono, da ƙwai in da hali. Ban da ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya huda hanji, ban da miyar da ta sha albasa, domin albasa na lalata jinin kare. In ka lissafa barbara ta faɗo a farkon kaka, ƴaƴa za su zo cikin sanyi, a tanadi ɗaki mai kāriya daga iskar hunturu da buhu a ƙasa, domin jariran ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu a makonnin farko. Ranar haihuwa, in ta yi minti 30 tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko aka yi sama da awa biyu tsakanin ɗa da ɗa alhali akwai saura, a nemi likitan dabbobi ba tare da jira ba. A gaya masa cewa akwai jinin karen gudu, domin irinsu ba su da kitse, wasu magungunan sa barci na daɗewa a jikinsu.

Ƴaƴan haɗin farko, rabi da rabi, kan fito kusan kama ɗaya: gajeren gashi, jiki tsaka-tsaki, kunne a kwance ko rabin tsaye. Suna da hanci, suna da hankali, sun fi dacewa da kurmi da gefen fadama, wajen kurege da gafiya da zabon daji. A fili fetal kuwa, irin gonakin da aka girbe wajen Mirriya ko Takeita, zomo mai lafiya zai bar su a baya. Saboda haka mataki na biyu shi ne ainihin aikin: a ɗauki mace mafi kyau daga haɗin farko, a mayar da ita ga namijin Azawak wanda ba ubanta ba. Abin da za a samu kashi uku gudu ne, kashi ɗaya kiwo. Wannan kare yana isa ga zomo, in ya ɓace masa ya sa hanci, in ka yi fito ya juyo. Kuskuren da ake yawan yi shi ne haɗa rabi da rabi da ɗan'uwansa rabi da rabi. Nan gado ke tarwatsewa, ciki ɗaya ya fito da mai nauyi, da siriri marar jin magana, da mai gashi buzu-buzu. In kakan na kiwo mai dogon gashi ne, kusan ɗaya cikin huɗu zai dawo da shi, ko da iyayen duka gajeren gashi gare su. Kuma duk mai wannan aiki ya bar wasu Azawak ɗinsa tsantsa, domin in jinin asali ya ƙare ba inda za a koma a gyara.

Idanun kwikwiyo na buɗewa tsakanin kwana 10 zuwa 14. Maganin tsutsar ciki a fara shi a mako na biyu, a maimaita duk mako biyu har wata uku. Allurar zawon jini da ta sauran cututtukan ƙuruciya a mako na 6 zuwa 8, a sake bayan mako uku ko huɗu, ta haukan kare kuma a wata uku. Karen farauta na gamuwa da dila da karnukan daji, saboda haka allurar hauka kāriya ce ga yaran gida ma. Hattara da ibamektin, maganin tsutsar shanu da ake saya a kasuwa a tsira wa kare da ƙiyasi. Wasu karnukan kiwo na Turai, musamman irin koli, suna ɗauke da wani gado da ke sa maganin ya shiga ƙwaƙwalwa, kare ya yi ta dalala, ya makance, ya faɗi. Ɗan haɗi na iya gadonsa. Bar awon ga likita.

Wajen zaɓen wanda za ka riƙe, jira su kai mako bakwai ko takwas. Ɗaure tsumma a igiya ka ja shi a ƙasa. Wani zai kalla ya kau da kai, wani zai cafke ya gudu lungu da shi, wani kuma zai cafke ya juyo wajenka yana kaɗa wutsiya. Na ukun nan shi ake nema.

Horo tun daga nan yake farawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kira da fito iri ɗaya kullum, a ba shi ɗan nama duk lokacin da ya zo, kuma kada a taɓa dukansa bayan ya amsa kira, ko da ya yi laifi kafin nan. Abu mafi muhimmanci a wannan haɗi shi ne dabbobin gida. Jinin kiwo na sa shi sha'awar garke, jinin gudu na sa shi kamawa, in aka bar su suka haɗu ba tarbiyya an sami makashin awaki, kuma rigimar da ke biyo baya da maƙwabta ta fi kuɗin akuya. Kafin ya cika wata uku ya riƙa kwana kusa da turke, yana ganin kaji da tumaki kullum, da ya zabura a tsawata nan take. Ɗauko kaya kuwa a koya masa da busasshiyar fatar zomo da aka naɗe a guntun itace: a jefa kusa, ya kawo, a karɓa a hannu a musanya masa da nama. Sau uku ko huɗu ya isa a rana, in aka yawaita yana gundura ya fara taunawa. Wannan darasi yana da nauyi a addini ma, domin aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo wa mai shi, kuma hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya yi umarni da ambaton sunan Allah wajen sakinsa. In ka tarar da abin da ya kamo yana da rai, sai ka yanka.

Daga wata shida zuwa takwas ya fara bin manya a igiya, yana kallo. Kada a sake shi ga gudu mai tsanani kafin ya cika shekara, ƙasusuwansa ba su gama ƙosawa ba, raunin da ya samu a gaɓa yanzu da shi zai tsufa. Kamun farko a haɗa shi da tsohon kare guda ɗaya, domin in aka sake shi cikin tarin karnuka zai koyi wawaso da yaga nama.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma ɗan haɗi ya fi Azawak tsantsa jin zafin gudun. A fita da asuba, a dawo kafin hantsi ya yi zafi, a ɗauki ruwa aƙalla lita biyu don kowane kare. Kada a cika masa ciki kafin fita, karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu na iya murɗewa, a bar babban abinci sai ya huta da yamma. In ka ga harshe ya yi faɗi ya yi ja wur, yawu ya yi kauri, ƙafafun baya na tangaɗi, zafi ya kama shi. A kai shi inuwa, a jiƙa ciki da hammata da tafin ƙafa, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, farautar ranar ta ƙare. Da an dawo gida a buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya a cire ƙarangiya, a leƙa cikin kunne a cire kaska.

Farauta a Nijar tana ƙarƙashin dokar 1998, da izini da lokacinta, kuma ma'aikatan gandun daji ne ke faɗin abin da aka buɗe da abin da aka hana. Gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012, ba wurin sakin kare ba ne, kuma barewar da ta rage a arewacin jihar Damagaram ba ta kai a sa mata irin wannan kare ba, wanda in ya rasa ta da ido zai bi sawunta da hanci. Da damina ma, lokacin da namun daji ke da ƙanana, a ɗaure karnuka a gida, a yi amfani da watannin wajen gyaran kira da ɗauko kaya.