Yadda ake gyara tsohuwar rikoda da ta daina juya kaset ko take cinye shi

Assalamu alaikum jama'a. Tun lokacin rusau ɗin nan na Jidda tsakanin 2021 da 2022, da mutanenmu na Sabil da Karantina da Kandara suka yi ta kwasar kaya ana neman inda za a koma, tsofaffin rikodoji suka fara fitowa daga ƙarƙashin gado da saman kabad. National ne, Sharp ne, Sanyo, JVC, irin manyan nan masu sifika biyu da hannun ɗauka da iyayenmu suka saya a shekarun 1980. Kuma kusan kowacce za ka tarar da kwalin kaset a gefenta, wasu na tafsiri, wasu kuwa saƙon murya ne da dangi ke aikowa daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram ta hannun alhazai tun ba a san wayar hannu ba. Yawancinsu rediyon yana kamawa lafiya lau, kaset ɗin ne idan ka danna sai ka ji ɗan ƙugi daga ciki amma ba abin da ke motsi. Wannan ƙugin albishir ne, yana nufin moto ɗin na da rai, roba ce kawai ta mutu.

Na gyara da dama, na kuma ga yadda yara ke lalata su da gaggawa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Kafin komai ɗan uwa, kaset ɗin nan da kake ji da shi, na muryar Baba ko ta Hajiya, ka ɗauke shi ka kai wani ɗaki. Ka nemi wani da ba ka damu da shi ba, a harajin Sawarikh, wato kasuwar gwanjon nan ta Jidda, ana samun su tuli a banza-banza, shi zai zama na gwaji har ka gama. Zan faɗi dalili idan mun zo wurin.

Sannan kar ka jona wuta kai tsaye. Juya bayanta ka duba, da yawa daga waɗanda aka sayar a nan suna da ɗan makunnin zaɓen wuta, 110-127 a gefe ɗaya, 220-240 a ɗayan, saboda tsofaffin gidajen Saudiyya layi biyu ne da su. Idan a tsohon gida tana kan 110 ka zo sabon gida ka cusa ta a 220, taransifoma ta ƙone halas, ka sayi sabon aiki. Ni dai da batir nake gwaji, manyan nan, wata shida take ci wata takwas, manya irin Sharp GF-777 har goma. In ka ga farin gari ya daskare a gidan batir ka goge da khal, wato binega, da tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe.

Kayan aiki ba su da yawa. Sukundireba mai baki huɗu mai dogon wuya, sifirit daga saidaliyya, wato kantin magani, in ka samu mai ƙarfin 99 shi ne, mai 70 ruwa ya yi masa yawa yana daɗewa bai bushe ba, sai audugar goge kunne kwali guda cur don za ka ƙarar da ita, tsinken sakace, zaren ɗinki, safar hannu, man keken ɗinki, da kiret ɗin ƙwai na zuba sukurori.

Zare wuta, cire batir, ka kifa ta a kan tawul. Sukurorin baya galibi akwai ɗan kibiya a kusa da kowanne, kuma kusan kullum akwai guda da ya ɓuya a cikin gidan batir, in murfi ya ƙi ɗagowa to shi ne, kar ka ɓamɓara, robar jikin nan ta sha zafin Jidda shekara arba'in ta bushe kamar ƙwaryar da aka manta a rana. Ɗaga murfin a hankali don akwai wayar eriya da ta wuta a manne da shi. Ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki, kowace waya da za ka zare ka ɗauke ta tukuna. Sukurorin kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere sai ya huda fuskar rikodar ya fito, shi ya sa kowane rukuni da gurbinsa a kiret.

To yanzu ga inda aikin yake. Idan ka kai ga bayan injin kaset za ka ga moto da ɗan ƙaramin fuli a kansa, wato ɗan gargaren da yake juyawa, da wani faifan ƙarfe mai nauyi, a tsakaninsu ya kamata a ga bel, wato siririyar robar da ke haɗa su. Sau da yawa ba za ka ga bel ba, baƙin abu za ka gani kamar kwalta ya narke ya malale a jikin faifan, ya cika ramin fuli, wani ma ya ɗiga kan giya. Kar ka taɓa da hannu tsirara, in ya kama yatsa duk abin da ka taɓa sai ya ɓata, ni har yau akwai tabonsa a wata farar jallabiyata. Sa safar hannu, ka fara ɗebe mai kaurin da tsinken sakace kana shafawa a takarda, sai wanda ya rage ka bi shi da auduga da sifirit. Auduga ɗaya shafa ɗaya ko biyu ka yar, in ka ci gaba da ita baƙin kawai kake yawo da shi. Ramin fulin moto ya fi ko'ina wahala, auduga ba ta shiga, sai ka jiƙa zaren ɗinki mai kauri da sifirit ka zura shi cikin ramin kana ja gaba da baya kana juya fulin, ka canza zare ka sake, har sai ya fito fari tas. Wannan kaɗai zai iya cin awa guda ko fiye, kuma haka ya kamata ya ci.

Ɗan yayata ya taɓa kirana yana cewa, Kawu na sa sabon bel ta yi aiki kwana uku yanzu murya na rawa kamar mai jin sanyi. Na ce kawo ta. Ko da na buɗe sai ga sabon bel ɗin ya yi danƙo, ragowar tsohon da ya bari a ramin fuli ya shafe shi, wani wuri ya manne wani wuri ya yi santsi. Na ce masa ɗana ai ba ka goge ba, shafawa ka yi. Sai da muka sake daga farko da wani bel ɗin.

Awon bel kuma, in tsohon ya narke ba abin da za ka kai kasuwa ka nuna. Ka zagaya zaren ɗinki ta hanyar da bel ke bi, daga fuli zuwa faifai ya dawo, ka sa alama da biro, ka auna a rula, sai ka rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari don ya ɗan kama. Misali zare ya ba ka santimita 25, ka nemi mai zagayen 23 ko 23 da rabi. Masu sayarwa a intanet wasu tsawonsa a ninke suke rubutawa, wato rabin wannan, wajen 11 da rabi, wasu kuma faɗin da'irarsa, sai ka raba da 3.14 ka samu 7.3 haka. Dubi fulin ma, in yana da rami kamar kwari bel mai kusurwa huɗu yake so, in kuwa mai tumbi ne sumul to mai faɗi ne nasa. Ledar nan ta gauraye mai bel iri-iri tana da araha, ban hana ka saya ba, amma ka zaɓa da ido, ka miƙa shi a haske in kaurinsa wani wuri ya fi wani ka ajiye. Robar ɗaure kuɗi kuwa ko da wasa, na san ana yi, ba ta riƙe gudu ɗaya kuma ba ta daɗewa take tsinkewa. Wanda ya matse da yawa shi ma ba alheri ba ne, yana gajiyar da moto yana cinye masa bushi. Kar ka manta da siririn bel na lambobin ƙirga, a wasu rikodojin in shi ya mutu sai ka ga tana kashe kanta bayan 'yan daƙiƙu.

Ka sa bel, ka danna, komai na juyawa, zuciya ta yi fari. A nan ne na yi asarar da har yau take damuna.

Kaset ne na kakata, mahaifiyar mahaifiyata, da ta aiko daga Kano tun ina ƙarami. Ina gama sa bel na ɗauko shi, mahaifiyata na zaune a gefe. Muka ji sallamarta, ta fara gaisuwa, sai murya ta ja ta yi kauri, kafin hannuna ya kai ga tsayarwa zaren kaset ɗin ya naɗe a jikin sandar ƙarfen da ke jan sa ya cukurkuɗe. Na ceto mafi yawansa, amma daidai wurin da take kiran jikokinta ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka ya yamutse, ba a jin komai sai shuu. Mahaifiyata ta ce bar shi haka, ai na ji muryarta, Allah ya jiƙanta. Ni kuwa ranar ban iya cin abinci ba.

Abin da ban sani ba lokacin shi ne, bel ɗin ba shi kaɗai ba ne roba a ciki. Sandar ƙarfen nan da 'yar tayar roba da ke matse ta su ke jan zare, santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, kuma ba ruwansu da ko ana naɗe shi a gaba ko ba a naɗewa. Naɗewar aikin wata ƙaramar taya ce daban da ke juya gindin da kaset ke zama a kai, yawanci na dama. In wannan tayar ta bushe ta yi santsi, cikin daƙiƙa goma kusan rabin mita na zare ya zubo ba inda za shi sai jikin sanda. Don haka ka buɗe ƙofa ba kaset a ciki, ka danna, ka ɗan riƙe gindin nan da yatsa. Ya kamata ka ji yana turo ka yana son juyawa. In da ka taɓa shi ya tsaya sam ba gardama, to zai ci kaset. Nemo tayar a bayansa ka goge bakinta da sifirit, in ta yi ƙyalli ka ɗan bi ta da lallausan sanfefa kaɗan kawai don ta samu kamu, in ta tsattsage sai canji. Ita ma tayar gaba mai matse zare ka yi ta gogewa har auduga ta daina fitowa da ruwan ƙasa-ƙasa, ka danna ta da farce, in ta yi tauri kamar dutse ko tana danƙo ta gama aiki, ka auna faɗinta da kaurinta ka nemo irinta.

In ma ta riga ta ci, kar ka fizgo kaset. Kashe, ka juya faifan ƙarfen baya da hannu a hankali kana warware zaren da tsinke, sannan ka naɗe shi da biro mai kusurwa shida. In ya tsinke kar ka haɗa da salatif na gida, gam ɗinsa na tsatsowa ya manne sauran zaren, akwai na musamman don haɗa kaset.

Sauran ba wuya. Goge hed, wato ɗan ƙarfen da zaren kaset ke goga yana ɗauko sauti, da sifirit, da sandar ƙarfen. Tsohon giris da ya daskare a kan ƙarafan da maɓallai ke turawa ka wanke shi ka sa sabo ɗan kaɗan, man keke kuma ɗigo ɗaya a gindin sanda, ɗaya tak, ka goge saman sandar bayan nan don kar mai ya kai ga zare. Feshin nan na kwance noti mai tsatsa kar ya kusanci wurin. In kana jin ƙara buuu ko sifika ɗaya ta yi shiru, akwai dogon makunni a kan bod, wato allon kayan lantarkin ciki, wanda maɓallin ɗauka ke turawa, fesa masa maganin wanke makunnin lantarki ka tura shi gaba da baya kamar sau talatin, wuta a zare. In murya ta yi sauri ko nauyi akwai ɗan rami a bayan moto, da siririn sukundireba na roba ake juyawa kaɗan-kaɗan, ka sa karatun ƙira'ar da kunnenka ya saba da ita ka gwada da wanda ke wayarka. In kuma sauti ya dushe kamar ana magana cikin bargo, sukurun gefen hed mai sifirin shi ake ɗan juyawa ana saurare har ya washe, sai ka ɗiga masa jan farce ya riƙe. In yana fita sarai kar ka taɓa shi.

Ka bar kaset ɗin gwaji ya tafi daga farko har ƙarshe, fuska biyu, kana leƙawa ta gilashin ƙofa. Sai ya wuce wannan za ka ɗauko na gidan. Ɓalle ƙananan haƙoran nan biyu na samansa don ko yaro ya danna jan maɓalli ba zai goge ba, ka duba ɗan soson da ke bayan zare yana nan bai faɗi ba, ka juya shi da biro ka tabbatar bai manne ba, musamman in C120 ne, wato mai minti 120, don zarensa ya fi na C60 da C90 siranta. Kuma tun a jin farko ka jona waya daga ramin iyafis zuwa kwamfuta ka ɗauka, in ba hali ko wayarka ka ajiye a gaban sifika a ɗakin da aka kashe mukayyif, wato AC, don kar ƙararsa ta shiga. Wajen rufewa, kowane sukuru ka fara juya shi baya har ka ji ya faɗa tsohon raminsa sannan ka ɗaure, kar ka matse da ƙarfi.